Ranar da Kwaɓin Burodina Ya Yi Danƙo

Baba mai filin shawara,

Don girman Allah ka taimake ni, kuma ka daure ka kai ƙarshen takardar nan kafin ka yanke mini hukunci. Na karya wa ƙanina hannu. Ba faɗuwa ya yi ba kamar yadda muka gaya musu a asibiti. Ni na karya shi da sandar murza kwaɓi, kuma ba don maƙwabta sun riƙe ni ba, Allah kaɗai ya san inda zan tsaya. Amma ba hannun ne ya hana ni sakat ba. Akwai wata yarinya kwance a gadon asibiti, ni da ƙanin nan nawa kaɗai muka san abin da ya kwantar da ita.

Bari in faro daga tushe, don ni ban iya ɗauko labari daga tsakiya ba.

Maigidana direban babbar mota ne, ƙato, wanda sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Shekarun baya ya kama ramewa. Ciki ya kumbura, gudawa ba dare ba rana, baki duk gyambo, har wandonsa ya koma ɗaura shi da igiya. Ba inda ba mu je ba. Daga ƙarshe wata likita ta gano cewa jikinsa ne ba ya ɗaukar alkama. Ta ce akwai wani sinadari a cikinta, gulutin suke ce masa, shi ne ke sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. Ga sauran mutane abinci ne, ga irin su maigidana kuwa cin hanji yake yi kamar yadda gara ke cin itace. Kuma maganinsa ɗaya, a bar alkama kwata-kwata. Ba ragewa ba, bari. Ɓurɓushin da ya maƙale a bakin wuƙa ma ya isa ya kwantar da mutum.

To mutumin da ya tashi da shayi da burodi ka ce ya bar burodi, ai ka san akwai aiki. Haka na zauna na koyi gasa masa da garin shinkafa da na masara da na rogo. Na ɓata gari ba iyaka kafin in fitar da abin da za a iya haɗiyewa ba tare da an tsine mini ba. Ya warke, ya ciko. Likitar ta fara turo mini masu irin ciwonsa, har abin ya kai na kama ɗan shago a wani lungu, tsakanin tela da mai gyaran waya.

Baba, sana'ar nan ba ta mai son jin daɗi ba ce. Ba na kai niƙa wurin kowa, don injin da ya taɓa niƙa alkama ya haramta gare ni, sai da na sayi ɗan nawa. Rariyata daban, farantaina daban. Ba mai shiga ɗakin kwaɓi sai ya wanke hannu har gwiwa ya sauya riga. Na taɓa korar mai kawo mini ƙwai har bakin titi saboda ya shigo yana taunar biskit. Tun daga ranar 'yan lungun suka sa mini suna Kwastan, wai ko ƙuda ne ya zo shiga sai na laluba masa aljihu. Duk wahalar nan kuma me kake fitarwa? Burodi gajere, mai nauyi, kana sa masa wuƙa ya ruguje. Mai wucewa ya shigo ya matsa shi da yatsa, ya tambaye ni ko bulon gini nake sayarwa, ya ji farashi ya yi dariya ya fita. Masu saye na gaskiya ba su da yawa, amma daga nesa suke zuwa, kuma ba daɗi ke kawo su ba. Amana ce. A shagona ne kaɗai suke ɗaukar abu su kai baki ba tare da sun yi tambaya ba.

Sai wani babban kanti ya buɗe a bakin titi, ya ware kanta guda ya jera irin kayana, na cikin leda masu sheƙi, masu laushi kamar katifa. Mutanena suka fara raguwa. Nakan wuni ina kallon ƙofa, in kwashe burodin da ya kwana in kai wa masu kaji. Ana cikin haka kafaɗata ta kama ciwo, kwaɓi ya gagare ni.

Nan Auta ya shigo labarin. Shi ne ƙaramin cikinmu, a bayana ya girma. Tun yana saurayi yake gasa burodin fulawa, gwani ne na gaske, sai gidan burodin da yake aiki ya rufe. Na ce ya zo ya kama mini. Na karanta masa dokokina, ya ce to Yaya, to Yaya, yana murmushin nan nasa. Na san a ransa bai yarda da ciwon ba. Ya sha faɗa da wasa cewa ciwon 'yan gayu ne, wai a zamanin iyayenmu wa ya taɓa jin burodi ya kwantar da ƙato. Ni kuma in harare shi in wuce.

Ba a daɗe ba burodi ya fara tashi. Baba, da ka gan shi! Ya kumburo, ya yi ja, kana yankawa ya tsaya cak. Na tambayi Auta sirrin, ya ce hannu ne kawai, wai kwaɓi ya san ubangidansa. Na yi dariya na bar zancen. Mutane suka dawo, har da waɗanda lafiyarsu ƙalau. Ana yabo ina washe baki, ina cewa ai mun sake lissafin garin ne.

Sai maigida ya fara komawa gidan jiya. Cikin ya kumbura, gyambon baki ya dawo. Ka san wa na tuhuma? Shi. Na ce ya koma cin burodin tasha a ɓoye. Na zazzage aljihunsa, na shinshina rigunansa, na hau motarsa na ɗaga kujera. Ya rantse har ya gaji, na ce masa tsohon banza mai kwaɗayi, zai kashe kansa ya bar ni da takaba. Mutumin da ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga mini murya ba ya zauna a bakin gado yana share ido. Ni kuwa kullum da safe in yanko masa burodin shagona in tsaya a kansa sai ya cinye.

A cikin masu sayena akwai wani mai walda, dogo, hannayensa duk tabon wuta. 'Yarsa ce ke da ciwon, yarinya 'yar firamare mai shegen surutu, ita ma Kwastan take ce mini. Ita ma ta kwanta, kuma nata ya fi tsanani, don jikin yaro ba ya jure abin da na babba ke jurewa. Uban ya zama kamar mahaukaci. Ya zargi mai sayar da alewa a ƙofar makarantarsu cewa shi ke ba ta biskit, ya je ya kifar masa da tebur, ya fasa masa hanci, sai da mutane suka taru a kansa. A shagona ya tsaya yana ba ni labarin, idonsa jawur, ya ce duk ranar da ya kama mai ba 'yarsa guba, da rodi zai farfasa masa gwiwoyi ya zauna ya jira hukuma. Yana gama faɗa ya sayi burodi biyu ya tafi da su asibiti, ya ce duk duniya abincina ne kaɗai yake ba ta hankalinsa kwance.

Ranar da abin ya fashe, da hantsi ne. Auta ya fita amsa waya ya bar kwaɓi a tebur. Ni kuma kafaɗar ta ɗan saki, marmari ya kama ni, na sa hannu na ɗago. Baba, kwaɓinmu ba ya miƙewa. Kana ja yake gutsurewa kamar jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wannan kuwa ya biyo hannuna, ya miƙe, ya yi ta miƙewa kamar danƙo bai tsinke ba. Nan take na san akwai alkama a ciki. Na hau bincike, wannan karon a inda ya kamata. A ƙarƙashin wurin wanke-wanke, cikin bokitin da muke zuba garin sabulu, na tarar da ledar fulawa an ci rabinta.

Ya shigo ya gan ni da ledar. Ko gezau bai yi ba. Wai tafin hannu ɗaya ne kawai yake zubawa a kwaɓi, don ya riƙe jikinsa. Wai ɗan wannan ko jariri ba zai ji shi ba. Wai ya gaji da ganina ina zaune ina kallon ƙofa kamar marainiya, don ni ya yi. Har nan ban taɓa shi ba. Sai ya ƙara da cewa ai lokacin da ake yabo ban tambaya ba, ni na cinye yabon har da suɗe hannu.

Daga nan idona ya rufe. Na kwashi kwaɓin na maka masa a fuska, na rarumo sandar murji na sauke masa a kafaɗa. Ya ja baya ya faɗa kan kantar gilashi, ta tarwatse, girarsa ta tsage, jini ya wanke masa rabin fuska. Ban tsaya ba. Ya ɗaga hannu ya kare kansa, na kai masa da dukkan ƙarfina, na ji ƙas kamar an taka busasshen kara. Yana ihu yana Yaya kin kashe ni, ni kuma ina ƙara masa a baya, a cinya, duk inda sandar ta samu, ina kiran sunan maigidana da na yarinyar nan. Kafaɗar da ta hana ni kwaɓi ranar ba ta ce uffan ba. Tela da mai gyaran waya suka shigo suka rungume ni ta baya, har yau tela na nuna wa mutane shatin haƙorana a damtsensa. Sun ɗauka faɗan gado ne, ban gyara musu ba.

Yanzu Auta na gidan tsohuwarmu da hannu a rataye. Tsohuwa ta ce kada in sake taka mata ƙofa sai na durƙusa na ba ɗanta haƙuri. Matar Auta na cewa sai ta kai ni gaban hukuma. Na rufe shago na ce tanda ce ta lalace. Maigida ban gaya masa ba, kunya ta hana ni. Mai walda kuwa ya biyo ni har gida yana roƙo in taimaka in gasa wa 'yarsa ko ɗaya ne. Ya ce likitoci sun ce tunda ya rantse ba ta cin alkama, to wani ciwon ne daban, a makon nan za su zura mata roba ta maƙogwaro su yanko tsokar hanji su duba, har ana zancen magunguna masu ƙarfi. Ya kuma ce yanzu matarsa yake zargi da sakaci, kuma yadda ya faɗa bai yi mini daɗi ba.

In na yi shiru, za a yi ta wahalar da yarinya ana neman ciwon da ba ta da shi, wataƙila uwarta ma ta sha duka a banza. In na faɗa, shagona ya mutu, kuma mutumin nan zai nemi Auta da rodi. Abin da ya fi ba ni tsoro, Baba, akwai wani lungu a zuciyata da ke cewa in faɗa masa sunan, in nuna masa gidan, ya ƙarasa abin da na fara. Ɗan da na goya. Ka gaya mini yadda zan yi kafin in zama abin da ban sani ba.

Taki cikin damuwa,
Kwastan da aka shigo da kaya ta bayanta

*

'Yata Kwastan,

Na karanta takardarki, na ajiye, na sha ruwa, na sake ɗauka. Mu da muka tashi a gaban tsofaffi masu ba da labari mun saba a ja mu a hankali kafin a kai ga magana, kuma haka na so in yi miki. Amma akwai yarinya a kwance, don haka yau zan fara da ƙarshen.

Ki je ki gaya wa likitar yarinyar nan, yau. Ki ce mata burodin da ake kai wa yarinyar akwai fulawa a ciki, ki faɗi tun lokacin da ya fara tashi. Ni ba likita ba ne, ban san ko za su fasa binciken ko ba za su fasa ba, wannan nasu ne. Amma suna lalube cikin duhu ne alhali fitilar na hannunki. Shago, da sunanki, da fushin tsohuwa, ki ɗora su duka a sikeli ɗaya, ba su kai nauyin hanjin yarinyar nan ba. Kin san haka, shi ya sa kika rubuto.

Uban kuma dole ya ji daga bakinki, amma da dabara. Kada ki same shi a wurin aikinsa, inda ko'ina ya juya ƙarfe ne. Kada ki je ke kaɗai. Ki roƙi likitar ta kira shi ofishinta, ki tafi da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ki kuma tafi da maigidanki. Mutum yana ganin wanda ya rame da irin ciwon 'yarsa, daga burodi ɗaya, zai gane ba da gangan kika yi ba. Wannan na nufin kafin ki fita gida sai kin zaunar da direban nan kin gaya masa komai. Kin laluba aljihun mai gaskiya kin bar bokitin sabulu, kin kira shi tsohon banza. A duk masu bin ki haƙuri shi ne na farko a layi, kuma ina zaton shi zai fi saurin yafewa.

In mai walda ya tambayi wa ya zuba, amsarki ɗaya ce: a shagona aka yi, da sunana aka sayar, ni ke da alhaki. Wannan ba rufa-rufa ba ce, gaskiya ce. Ba Auta mutanen nan suka ba amana ba, ke suka ba. Shi kuwa lungun nan na zuciyarki da ke son nuna gida, ki rufe shi ki sa kwaɗo. In kika aika mutum da rodi, hannunki ne ya yi dukan, sai dai kin ara na wani. Ƙarshenta ƙaninki a gurgunce, uban yarinya a kurkuku, ita kuma ta farka ta tarar ba mai kai ta makaranta. Duk da haka ki aika wa tsohuwa ainihin abin da ya faru, a matsar da Auta wani wuri na ɗan lokaci, don 'yan lungu ba su iya riƙe baki ba. In kuma mai walda ya furta barazana, dattijon ya sanar da hukuma tun kafin a yi aika-aika. Ki roƙa wa matarsa da mai alewa su ma a wanke su, don dukan da ɗaya ya sha da wanda ɗayar ke jira duk daga tandarki suka fito.

Yanzu ke da Auta. Abin da ya yi ba ƙarami ba ne. An gaya masa abu na cutarwa, ya auna da nasa hankalin ya ga bai yarda ba, ya zuba wa marasa lafiya a ɓoye. Da ya tabbata ba laifi ba ne, da bai ɓoye a bokitin sabulu ba. Amma ban ga mugunta a ciki ba. Na ga gwanin da ya saba ɗan ƙarin gishiri ko sukari ba ya kisa, ya ɗauka fulawa ma haka take, kuma ya ga yayarsa na nutsewa. Ke kuma kin ji yana kiran ciwon na 'yan gayu, kika harare shi kika miƙa masa kwaɓi. Kin karanta masa doka, ba ki taɓa zaunar da shi kin nuna masa dalili ba.

Ki lura kuma da lokacin da sandar ta tashi. Ba ta tashi da ya ce tafin hannu ɗaya ba. Sai da ya ce kin ci yabo ba ki tambaya ba. Ke da kika ɓata buhunan gari kina koyo, kin fi kowa sanin garin shinkafa ba ya kumbura haka don ya ga sabon hannu. Ranar da burodin ya tsaya cak ya kamata gabanki ya faɗi. Ba na zarginki da son ganin mutane a shagonki bayan dogon zaman kallon ƙofa, kowa zai so. Amma rabin dukan da ƙaninki ya sha, naki ne kika sauke masa.

Don haka ki je gidan tsohuwa. Ki ba shi haƙurin hannu, ki ɗauki nauyin jinyarsa, ba tare da kin ce amma ba. Fushinki na kan hanya, sandarki ce ta kauce. In matarsa ta kai ƙara, ki je ki amsa, ki nemi lauya ya raka ki. Haƙurin da shi zai bayar kuwa ba ke zai ba, mijinki ne da yarinyar, kuma sai ran da ya gane da kansa. In ya samu sauƙi a kai shi gaban likitar nan ta yi masa bayanin da ba ki yi ba. Ɗan'uwanki ne har abada, amma shi da ɗakin kwaɓinki sun rabu ke nan.

Saura shago. Ki kira masu sayenki ɗaya bayan ɗaya ki faɗa musu, don wataƙila akwai wasu gidajen da ake can ana zazzage aljihun marasa laifi. In hukumar lafiya na da hurumi a ciki, gara ki riga kowa kai kanki. Ki zubar da garin da ke buɗe, da rariya, da duk wani katako da kwaɓin ya taɓa, har da sandar nan, ta ga abin da ya ishe ta. Ba zan yi miki alkawarin za su dawo ba. Wasu sun tafi ke nan, kuma suna da hujja. Amma babban kantin can, da ledojinsa masu sheƙi, bai san sunan 'yar kowa ba, balle ya buga waya ya ce na yi kuskure. Abin da kike sayarwa ke nan tun farko, kuma shi kaɗai ya rage miki a kanta.

In Allah ya sa kin sake buɗewa, burodin farko zai fito gajere, mai nauyi, ya ruguje a bakin wuƙa. Ki ɗora shi a gaba inda kowa zai gani, kada ki ji kunyarsa. Allah ya tashi kafaɗar yarinyar nan ta dawo ta cika miki kunne da surutu, ya ƙara wa maigida lafiya, ya ɗora hannun Auta, ya kuma sanyaya naki. Tela kuma a kai masa ko da man shafawa ne. Tashi ki sa takalmi, 'yata, asibiti za ki.

Naki,
Baba